Tsohon moket ɗin gidanmu da muka so ƙonawa, wani baduku a Garwa ya raya shi

Assalamu alaikum jama'a. Tun ranar walimar ƙanina mutane ke ta tambayata a ina na sayi abin goge ƙafar nan masu jan baki da suka gani a ƙofofin gidanmu, da sallayar da Hajiya take sallah a kai, nace bari dai in zauna in rubuta gaba ɗaya kowa ya karanta saboda amsar ta fi ƙarfin saƙo ɗaya na WhatsApp. Ba saye nayi ba. Tsohon moket ɗin gidan mahaifinmu ne, wato kafet, har da dardumarsa, Allah ya jiƙansa da rahama, wanda saura kaɗan mu banka masa wuta a bayan gida, wani dattijo mai shagon ɗinkin kujeru ya yanka ya wanke ya daje baki ya dawo mana dashi. Zan faɗi alherin aikinsa, zan kuma faɗi inda ya ɓata min rai, don akwai.

Gidan namu a Garwa yake ta ƙasar Kamaru, tsohon gini ne, falo mita 6 a mita 5 sai ɗakuna biyu masu mita 4 a 4, dukansu Baba ya shimfiɗe su da moket tun ina ɗan sakandare, lokacin duk gidan da ake ganin mutumci sai kaga moket bango zuwa bango. Ya yi mana hidima ba ƙarya, a kai aka yi sunan yara, a kai aka yi zaman makokinsa shi kansa. Amma duk wanda ya san Garwa ya san watan Maris da Afrilu, zafi yakan wuce digiri 40, ka shigo falo ka ji ƙasan yana huci kamar an rufa maka bargo, in hunturu ya zo kuma ƙurar nan ta hazo duk a cikinsa take kwana, a share da safe kafin la'asar ka buga tafin hannu ka ga ta tashi. Ɗiyata ƙarama tana da asma, duk sanda muka kwana gidan sai ta tashi da tari. To da maganar auren ƙanina ta taso aka ce amarya nan zata zauna tare da Hajiya, sai muka yanke shawara a cire komai a sa karo, wato tayil.

Ranar da aka ɗaga shi ban taɓa mantawa ba. Na ɗauka ƙasan siminti ne fes zamu gani, ashe wani gari ne fari-fari gauraye da jar ƙura ya kwanta kamar an barbaɗa garin rogo, ka taka sawunka ya fito. Ta kusurwar da ke jikin bangon banɗaki kuwa gara ta cinye bayan moket ɗin tas, saura gashin sama kawai yana riƙe da juna, kana ja yana yagewa kamar tsohon zane. Ga kuma kol ɗin da aka manna shi da shi ya bushe ya zama baƙi a jikin siminti layi-layi. Da muka naɗe muka fitar tsakar gida sai ya zama tuli guda, nauyi kuwa mutum biyu da ƙyar suke ɗaga naɗi ɗaya. Maginin namu yace Alhaji ai wannan abu ne mai sauƙi, a kai bayan gida a zuba masa zuwa-zuwa, wato fetur ɗin da ake sayarwa a bakin hanya, rabin lita a ƙyasta ashana, kafin magariba ya zama toka. Wallahi har na aika yaro ya sayo man. Ɗan yayana ne da ke karatun kimiyya a jami'ar Gaundare, ya zo hutu, ya riƙe hannuna yace Kawu dan Allah kar a ƙona, wannan ba auduga bace roba ce, baƙin hayaƙin da zai tashi guba ne kuma iska zata kai shi ɗakin Hajiya da gidajen maƙwabta, ga mai asma a gida. Na tuna lokacin da wani a layinmu ya ƙona tsohuwar katifa yadda muka kwana da tari da yajin ido, sai jikina yayi sanyi. Ɗaya shawarar da aka bani wai a jefa a kwata da daddare, wannan kam ban ma saurara ba, mu da muke ganin yadda ruwan Agusta ke shiga gidaje saboda an toshe magudana da shara.

Mai keken kaya mai ƙafa uku da ke kawo mana yashi shi ya faɗa min labarin dattijon. Yace akwai wani tapisiye, wato mai ɗinkin kujeru, ta wajen hanyar Jambutu yana karɓar tsohon kafet yana yin abubuwa dashi, ko ka sayar masa ko yayi maka aiki ka biya. Shagon ba allo ba suna, rumfar kwano ce mai faɗi da wani fili na siminti a baya inda suke wanki, keken ɗinki babba guda biyu irin na masu kujerun mota, tsofaffin kujeru a jibge, soso, da yara almajiran sana'a su huɗu. Shi mai wurin dattijo ne fari siriri mai furfura, asalinsa baduku ne daga Marwa, a gidan dukanci ya tashi, kowa kuwa ya san Marwa da aikin fata, daga baya ya koma ɗinkin kujerun mota da na falo. Hausa yake ji sosai, da yaransa kuma Fillanci yake yi. Na gaishe shi nace Baba ga abinda ke tafe dani, yace ɗana ba zan yi maka ciniki a kan abinda ban gani ba, gobe bayan sallar asuba zan zo gidan da kaina. Kuma ya zo, a kan tsohon babur, da wuƙa da ashana a aljihu. Wannan shi ne abu na farko da ya burge ni.

Yadda ya duba kayan kuwa abin kallo ne. Ya sa aka warware naɗi ɗaya bayan ɗaya a rana, yana tafiya a kai ba takalmi yana jin inda ya mutu da tafin ƙafa, inda yaji laushi ya tsaya ya lanƙwasa bayan, in ya ji ƙas-ƙas gari na zubowa sai ya zana da alli yace nan ya gama. Sannan ya zaro zare ɗaya daga na falo ya ƙyasta ashana ya kara, zaren ya noƙe ya narke ya dunƙule ya zama ɗan ƙwallo mai tauri, yace roba. Ya sa aka kawo ruwa a kofi ya gutsuro gashin na ɗaki ya danna shi ciki da yatsa, ya taso sama, na falo kuma ya nutse, yace ka gani ba iri ɗaya bane, mai tasowar nan baya shan ruwa, shi ya dace da ƙofa da mota, wancan kuma ya fi laushi da juriya shi ya dace da zama. Ɗan yayana yana tsaye yana ta murmushi, daga baya yake ce min Kawu abinda dattijon nan yayi da kofi shi ake koya mana a aji, mai tasowar sunansa polifirofilin, ya fi ruwa rashin nauyi shi yasa yake iyo kuma da wuri yake narkewa, wajen digiri 160, na falon kuma nailan ne, shi sai ya haura 200 kafin ya narke. Farin garin nan da muka gani a ƙasa ma ya bayyana min, wai bayan moket ana shafa masa wani danƙo ne da aka cakuɗa da garin farar ƙasa don ya riƙe zaren yayi nauyi, in ya tsufa zafi ya gasa shi sai danƙon ya mutu garin ya riƙa zubowa, abinda gara ta ci kuma saƙar rama ce irin ta buhu da ake sawa a bayan wasu. Wato shekara da shekaru wannan garin muke shaƙa tare da ƙurar hunturu bamu sani ba.

Shi yaron ne dai ya bani labarin yadda ake yi a wasu ƙasashe, kuma na ga ya dace in faɗa don mu san abin ba wasa bane. A jihar Kalifoniya ta Amurka tun 2010 aka yi doka, duk sabon kafet da aka sayar akwai ɗan kuɗi da ake ɗorawa a kai don a biya aikin tattara tsoho a sake sarrafa shi. Akwai kuma wani kamfani na Italiya, Aquafil, da ke karɓar tsohon kafet na nailan da tsofaffin komar kamun kifi ya narkar ya maida su sabon zare da suke kira Econyl. Wahalar abin ko a can ita ce kafet ba abu ɗaya bane, gashi daban, danƙo daban, baya daban, duk a manne, raba su sai injina masu tsada. Mu nan kaya ne ke zuwa mana daga Turkiyya, mafi yawa daga garin Gaziyantef inda masaƙun suke, ko ta Dubai, a sauke a Duwala a ɗoro a jirgin ƙasa zuwa Gaundare inda layin dogo ya ƙare sannan manyan motoci su ƙaraso dashi Garwa da Marwa har Kusiri da Njamena, yana shigowa kullum, in ya tsufa kuma a hannunmu yake mutuwa. Abinda muke dashi shi ne wuƙa da allurar mutane irin wannan dattijo.

Muka zo ciniki. Gaba ɗaya kayan mita 62 ne in aka auna fili, yace gaskiya ɗana abinda zai moru bai wuce rabi da ɗan wani abu ba, sauran ko na karɓi kuɗinka nayi maka ɗinki wata biyu zai ruɓe ka zage ni. Ya bani zaɓi biyu, ko ya ɗauke duka ya bani jaka 8 na sefa, ko yayi min abinda nake so in biya aiki shi kuma ya riƙe guntayen. Na zaɓi na biyu. Muka lissafa abin goge ƙafa guda 9, shimfiɗa mai tsawo guda 2 ta soro inda baƙi ke zama, shimfiɗar ƙasan mota ta gaba da baya, ɗaya mai kauri ninki biyu da za a sa ƙarƙashin janareta don rage girgiza da ƙara, sai manya guda 3 da nayi niyyar kaiwa makarantar allon unguwarmu sadaka ga Baba. Ya ce jaka 45 har wanki da ɗauka, nace Baba a duba dai hidimar biki ce a gabana, muka tsaya a 36, na tura masa rabi ta Orange Money a take. Da na je kasuwa daga baya na tambayi kuɗin sababbin irin waɗannan na ga ko shimfiɗun soro biyun kaɗai sun kusa cinye kuɗin, don haka ta fannin farashi bani da ƙorafi ko kaɗan. Kafin ya tafi ma ya hana magini goge kol ɗin ƙasa da fetur, yace a rufaffen ɗaki tururin fetur tartsatsi ɗaya yake jira, ku jiƙa da ruwan zafi ku kankare da ƙarfe, zai ɗau lokaci amma ba wanda zai ƙone. Haka aka yi, kwana biyu ana kankara.

Wankin na je na gani da idona don hankalina bai kwanta ba, musamman na makaranta da yara zasu zauna da allo a kai, moket ɗin da jarirai nawa suka yi fitsari a kansa. Da farko rataye shi suke a kan ƙarfe biyu su yi ta jibga da sanda, ƙura kuwa kamar guguwa, sai sun buga har ta daina fita sannan a kwantar a siminti a kwara ruwa a zuba omo a bi da buroshi mai tauri, a take da ƙafa, a matse da wani katako kamar na share ruwa. Ruwan farko baƙi ƙirin, na biyu ja, sai a na huɗu na ga ya fara fita fari. Na riga na tambayi limamin masallacinmu yace in dai an wanke da ruwa tsarkakakke zalla har ruwan da ke fita bai canza ba, babu launi ko ɗanɗanon najasa, ya tsarkaka, amma a tabbata ɗaurayar ƙarshe ba ruwan sabulu bane. Da na faɗa wa dattijon sai yace ai shi ma haka ya koya, duk abinda za a yi sallah ko karatu a kai ɗauraya uku yake yi da ruwan famfo zalla bayan kumfa ta ƙare. Ranar Garwa kuwa ta yi mana rana a nan, kwana biyu a shanye ya bushe ƙarau har ciki, ba warin danshi ba funfuna. Launin da na sani ruwan ƙasa ashe asalinsa ja ne mai duhu, na tsaya ina kallo na tuna ranar da aka fara shimfiɗa shi.

Yanzu ga abinda yasa nake rubutun nan da gaske. Ban da moket akwai wata darduma ta tsakiyar falo da Baba ya zo da ita daga aikin hajji, a Madina ya saye ta, mita 3 a 2, mai zanen furanni da geza a baki. A kanta yake zama kullum bayan la'asar ya jingina da bango yana jan carbi, har wurin ya loɓa gashin ya siɗe ana ganin saƙar ƙasa. Tsakiyar kuma shayi da man yara da ƙunar turaren wuta sun gama da ita. Hajiya bata ce komai ba da aka fitar da ita amma na ga yadda take bin ta da kallo. Dattijon ya zaro zare ya kara a wuta, wannan karon bai narke ba, ƙaurin gashi ya tashi kamar ana babbakar kan rago, ya murje tokar da yatsa ta zama gari, ya ɗago yace wannan ulu ne na tumaki, mai ita ya san kaya, haram ne a jefar. Ya nemi a yi masa iso wurin Hajiya, ya durƙusa daga bakin ƙofa suka gaisa yayi mata ta'aziyya duk da an shekara uku, sannan yace Hajiya zan iya fitar da sallaya biyu daga gefe da gefe, amma ɗayar dole ta haɗa da wurin nan da ya siɗe, in kina so in yanke shi in yi ƙarama, in kina so in bar shi in sa masa yadi mai kauri ta ƙasa. Tayi shiru ta jima sannan tace Malam a bar shi, nan ne wurin zamansa.

Da ya kawo ta wallahi sai da na fita waje. Ya sa mata gyauren yadi mai kauri ta ƙasa, ya bi wurin da ya siɗe da ɗinkin hannu ƙanana-ƙanana da zare mai launin saƙar yadda ba zai ƙara buɗewa ba, gefen da ya yanka ya daje shi da jar fata ta gaske irin ta Marwa ba ta roba ba, gezar asali kuma ya bar ta a kai ya tsefe ta ta miƙe. Ka juya bayan ka ga ɗinkin a jere kamar an auna da ma'auni. Wannan bai bar wa yara ba, da hannunsa yayi, kuma jaka 6 kawai ya karɓa a kan biyun, da na ƙara masa yace a'a ɗana ka sa a sadakar mamacin. Hajiya yanzu a kanta take sallah biyar, in ta zauna tahiya daidai wurin take zama.

Toh sai laifuffuka, don in na ɓoye na ci amanar wanda zai je saboda maganata. Na farko alkawari. Kwana 10 yace min, sai da aka yi 24. Na yi sawu huɗu, yau ace wuta ce babu keke baya aiki, gobe ace wani mai bas ya kawo kujeru na gaggawa, kuma ba zai kira ka ya faɗa maka ba sai ka je ka tarar. Saura kwana 3 ɗaurin aure aka kawo kayan, hankalina ya tashi sosai a satin nan ga hidima ta ko'ina. Na faɗa masa a fuskarsa cikin ladabi nace Baba da ka ce min wata guda tun farko da na shirya, ya karɓi laifi bai yi musu ba, amma dai an riga an sha wahalar. Babu kuma wata takarda da yake bayarwa, komai a ka yake riƙewa, shi yasa abin goge ƙafa 9 da muka yi magana 8 aka kawo, sai da na tuna masa aka ciko ɗayan bayan biki. Duk wanda zai je ya rubuta lissafinsa a gabansa ya karanta masa, ya kuma ɗau hoton kayansa kafin a tafi dasu.

Na biyu, aikin yaran ba ɗaya yake da nasa ba. Cikin na ƙofa guda biyu bakinsu ya fara warwarewa ko sati ba a yi ba, da na duba sai naga zaren ɗinkin tufafi aka sa maimakon mai kaurin nan na kujeru, kuma ba a ƙone bakin ba kafin a daje. Shi yakan bi bakin mai robar da wuƙa mai zafi ya narke ya haɗe sannan a ɗinka, yaron ya tsallake wannan. An gyara kyauta, a gabana ya yi wa yaron faɗa, amma kamata yayi ya duba kafin kaya su bar shago. Wanda ya fi tayar min da hankali shi ne na mota. Na gefen direba sun yanka shi ya fi wurin tsawo kaɗan kuma bayansa santsi, ina kan hanyar Pitowa naji totur baya dawowa daidai, ashe shimfiɗar ce ta zame gaba ta hau kansa, Allah ya kiyaye ba gudu nake ba na samu na gangara gefe na fizge ta. Wannan ba ƙaramin abu bane, rai ne. Na koma washegari da motar, ya fito da kansa ya auna da kwali ya rage, ya ɗinka mata roba ta tsohon tib a ƙasa ya huda rami biyu aka ɗaure ta da ƙugiyar da ke ƙasan kujera, tun daga nan bata motsa ba. Dan Allah duk mai son na mota ya kai motar wurin a auna a kanta, kar ya yarda da cewa ai mun san girman irin motar, kuma kar ya ɗora ta a kan wata shimfiɗar.

Sai abinda ya dame ni ba don kaina ba, yaran nan da ke jibgar ƙura da ƙona baki babu mai ko ƙyalle a hanci. Ƙaraminsu ba zai wuce shekara 13 ba, na ga gashin idonsa yayi fari da garin nan yana tari yana ci gaba da bugu. Abinda na fitar daga gidana saboda ƙirjin ɗiyata shi ne yake shiga ƙirjin ɗan wani, abin ya tsaya min a rai. Na sayi takunkumin hanci kwali ɗaya a famasi na kai musu, na roƙi dattijon ya riƙa tilasta musu sawa kuma a riƙa ƙona bakin a fili ba cikin rumfa ba. Yace in sha Allah. Zuwana na ƙarshe biyu na sanye dashi biyu sun rataye a wuya, na sake magana, kuma duk wanda ya je ya taya ni yi.

Guntayen da ya riƙe na tambaye shi me yake dasu. Masu ɗan faɗi masu amalanken jaki ke saye suna yin akumari don kar kaya su ji wa dabba ciwo a baya, wasu ƴan moto ke sawa a ƙarƙashin sirdi ko wurin ɗaura kaya, makanikai kuma suna karɓa su shimfiɗa in zasu shiga ƙarƙashin mota. Wani mai lambu a bakin kogin Binuwai ya taɓa nema wai zai rufe ƙasa don kashe ciyawa, yace ya hana shi, abinda ke zubar da gari da rini ba a sa shi inda ake shuka abin miya. Wanda gara ta ci da wanda bayansa ya mutu kuwa bai ɓoye min ba, yace wannan ba dabara, yankawa yake ƙanana ya cusa a buhu ya kai kwandon Hysacam, kamfanin kwasar shara, a tafi dashi juji. A namu buhu 5 ne suka tafi haka. Ban ji daɗi ba amma na fi son wanda zai faɗa min gaskiya, kuma buhu 5 a juji ya fi min tulin nan duka ya zama hayaƙi a kan unguwa.

Wanda moket ɗinsa ruwan sama ya taɓa kwanciya a kai ya daɗe har yayi baƙin funfuna kar ya wahalar da kansa, ba zai karɓa ba, a gabana ya mayar da wani. Kuma a kai masa da rani, daga Nuwamba zuwa Afrilu, in damina ta sauka shanya bata yiwuwa kuma shi da kansa yace baya son aikin a lokacin. Wurin cirewa a yi haƙuri kar a bar leburori su yayyaga, a yanka dogo-dogo da wuƙa a naɗe gashin yana ciki, mu da mun san haka da abinda muka ceto ya fi wannan don na ɗaki ɗaya yaran magini sun ɓarke shi ta tsakiya wurin gaggawa. A fitar da yara da tsofaffi daga gidan ranar, a yayyafa ruwa kafin a share garin.

Manyan guda ukun suna makarantar allo yanzu, malam ya shimfiɗa su a rumfar da yara ke zama a kan tsakuwa da, jiya da na wuce bayan magariba naga sun cika su maƙil suna karatu. Ƙanwar Hajiya da ke Yelwa ita ma zata cire nata bayan sallah, na riga na kai dattijon ya gani ya zana da allinsa, wannan karon na ce masa wata guda na bashi kuma na rubuta komai a takarda biyu, ɗaya a hannunsa ɗaya a nawa. Mai son kwatancen wurin ya yi min magana ta ciki zan haɗa shi da mai keken, shi ya fi ni iya kwatance kuma zai ɗauko kayan.